Ina son mayar da garejina wurin aikin katako, amma kaina ya kulle

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da dogon rubutu. Ritayata ta kusa, kuma tun ina yaro nake sha'awar kafintanci, mahaifinmu ne ya ce sai karatu. Da yayana ya rasu, Allah ya jiƙansa, iyalinsa suka ba ni kayan aikinsa: zartuna, guduma, injin huda da ƙaramin injin walda. Suna nan cikin buhu suna tsatsa, duk na gan su sai zuciyata ta karye, don shi kaɗai ne yake cewa ina da hannu. Shi ya sa na kwashe tarkacen gareji, na yi wa daɓen fenti, na sa an kafa mini benci a jikin bangon ƙurya, na kuma sayi injin yankan katako mai teburi. To ga damuwar. Fentin ya fara kumbura yana ɓarewa. In na kunna injin sai fitilun falo su dushe, wani sa'in wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Mota dole ta kwana a ciki, ga firizar uwargida da ta ce ba inda za ta. Ta ina zan kamo bakin zaren?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya. Alhaji, ba ka faɗi tsawo da faɗin garejin ba, ba ka kuma faɗi abin da aka rubuta a jikin injin ba. Amma ko ban gani ba na san ciwon. Soket ɗin gareji yawanci reshe ne daga layin cikin gida, injin kuwa a lokacin tashi yana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya daidaita. Kira ƙwararren mai wayarin ya ja maka layi na daban daga babban akwatin wuta. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ga soket, walda kuma layinta daban da waya mai 4 ko 6, gwargwadon injin da nisan wurin. Ya sa maka makunnin kariyar nan da ke yanke wuta da zarar 'yar wuta kaɗan, miliyamfiya 30, ta zurare. Shi ke tsakaninka da mutuwa ranar da ka taɓa lalataccen inji kana tsaye kan daɓe mai laima. Kafin a yi wannan, duk sauran magana ɓata baki ne.

Tsohon Kafinta: Injiniya, a yi a hankali. Ina za a sa soket ɗin alhali ba a san mazaunin inji ba? Ƙanina, fallen filawud mita 1.22 ne a 2.44. In za ka tsaga shi ta tsawonsa, sai ka sami filin tsawonsa a gaban zarto, ka sami irinsa a baya, kusan mita 5 ke nan. Garejin mota ɗaya kuwa bai cika wuce mita 3 a 6 ba. Fitar da motar, ka ɗauki alli ka zana komai a ƙasa, ka riƙo dogon katako ka yi ta juyi da shi, za ka ji inda yake dukan bango. Sannan ka sa wa inji da benci tayoyi masu birki, da dare ka tura su gefe.

Baban Ummi: Baba, bencin fa an riga an ɗaure shi da bango, kuma da gangan na yi, ba na son benci mai rawa.

Maman Khalifa: Ni dai uwargida nake tausayi. Namu maigidan haka ya fara, yau ko teburi ɗaya ban gani ba, sai ƙurar katako har cikin kwabar kaya. Ragar bayan firizata ta toshe da ita, injinta ya yi ta zafi har ya ƙone, maigida ya ce wai dama ta tsufa. Ƙofar da ke shiga gida daga gareji a toshe ƙasanta, ko kuwa a shirya jin magana.

Injiniya: Hajiya ta gama magana, amma akwai wadda ta fi ta. Walda da garin katako a ɗaki ɗaya, ga tankin fetur a gefe? Taura biyu ba ta taunuwa. Tartsatsi kan faɗa cikin gari ya yi ta cin ƙasa-ƙasa ba hayaƙin kirki, sai kun kwanta ya tashi. Walda a waje, magana ta ƙare. Batun daɓe kuma, kankare fentin ka zuba ifoksi, wato fentin daɓe mai tauri kamar roba.

Mai Fenti: Ifoksi a kan siminti mai danshi? Haka zai ɓare, asara biyu. Alhaji, sami leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka manna ta a ƙasa da salatif ba kafar iska, ka duba gobe. In ka ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, ruwa ke tasowa daga ƙasa. Ni da kai ne, in bar daɓen tsirara in shimfiɗa tabarmar roba inda nake tsayawa.

Abu Sadik: Ku kuna ta daɓe. Ranar da dangi suka ji kana da injin huda, ka yi sallama da shi. Nawa ƙanin matata ya ara, da ya dawo da shi ko kunnuwa ba ya yi, kuma ni ne mai laifi da na tambaya. Akwati mai kwaɗo kafin komai.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Amma Injiniya, waldar ba kullum ba ce, ɗan ɗigi ne nan da can, kuma ina share wurin. Wanda ya yi wayarin gidan nan ma ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Ina ganin in an sa fis mai ƙarfi wutar za ta daina ɗaukewa.

Injiniya: Kada ka kuskura. Fis waya yake karewa. Ka ƙara masa ƙarfi a kan siririyar waya, ita za ta yi zafi a cikin bango maimakon shi ya yanke. Kuma har yanzu ba ka turo hoton rubutun jikin injin ba.

Tsohon Kafinta: Ni ma awon ɗakin nake jira. Taga fa, akwai?

Baban Ummi: Akwai 'yar ƙarama, amma benci ya tare ta. Zan auna in na samu sarari. Fentin ma ina tunanin in ƙara shafa wani a kai, mai yiwuwa na farkon ne bai da kyau.

Abu Sadik: Alhaji, injin waldar nan in ba za ka yi amfani da shi ba, mu yi magana ta bayan fage.