Kawuna ya yaye ni: in yi ajiyar hatsi ko in haɗa jari a harkar riɗi?

Ɗan Tudun Hatsi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Tun ina sakandare nake tare da kawuna a kasuwar Tudun Hatsi nan Gombe, daga ɗinkin buhu har na kai ni yake aika Kumo da Dukku in yi masa awo. Bana ya yaye ni, ya damƙa mini naira miliyan 5, Allah ya saka masa da alheri. Abin da yake so in yi shi ne wanda na taso na gani: in sayi masara da wake yanzu da kaka, in zuba a sito, in jira bazara.

To sai babban ɗansa, wanda muke kira Hamma, ya zo da wata magana. Ya ce shi zai sa miliyan 10, in sa nawa 5, mu sayi injin tsaftace riɗi, mu riƙa kai wa wani kamfani a kasuwar Dawanau ta Kano da ke fitar da shi waje. Ni ne shiga ƙauye da saye, shi ne Kano da riƙe kuɗi. Na ce to Hamma mu rubuta. Ya yi dariya ya ce yaushe muka fara 'yar haka da kai. Maganar ta kai kunnen Kawu, kuma na ga alamar bai ji daɗi ba. Wanne zan kama a cikin biyun? In kuma haɗin jarin ne, ta yaya zan nemi a rubuta ba tare da an ce na yi butulci ba?

Alhaji mai sito, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi sa'ar maigida, da yawa sai sun yi furfura suna ɗaukar jaka. Amma zan faɗa maka abin da kawunka ma ya sani, ko da bai furta ba. Ajiyar da muka gada lissafinta ɗaya ne: kaka araha, bazara tsada. Yanzu wani abu ya shigo tsakani, shi ne sanarwar Abuja. An rufe iyakoki a Agustan 2019, shinkafa ta tashi. An cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira, dalar da hukuma ke bayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, hatsi ya bi ta. Wanda ya ajiye a lokacin ya ga ribar da bai taɓa mafarki ba. Ganin haka kowa ya afka, har ma'aikatan gwamnati da masu shagon waya suka kama sito. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Da aka shiga 2025 farashi ya yi ta gangarowa. Mutanen da suka saya da tsada suka jira bazara, bazara ta zo ta wuce, suka sayar ƙasa da uwar kuɗi, ga kuɗin sito, ga dako, ga ƙwari.

Ban ce kada ka ajiye ba. Mai jarin da ya kai a kira shi jari zai iya faɗuwa shekara guda ya miƙe. Kai miliyan 5 ce kacal, in ta kwanta wata shida a sito me za ka ci? Ƙaramin jari juyawa yake so. Ka sayo ranar kasuwa, ka sayar a makon, ko ɗari biyar ce a buhu ka karɓa.

Hajiya mai man gyaɗa, Bolari:
Ɗana, ni maganar injin ce ta tsaya mini. Ina da injin matsar gyaɗa, na san ciwonsa. Ka tuna 2024 da aka lalata turakun layin wuta na Jos zuwa Gombe, makonni muka yi babu wuta. Inji yana zaune, albashin yara yana tafiya, in ka kunna janareta dizal ya lashe ribar. Kada ku fara da sayen inji. Akwai masu injin da ake biya a kan buhu, ku kai can na kaka ɗaya ku ga yadda lissafin zai fita.

Sannan ka tambayi Hamman naka abu uku. Kamfanin nan ya ba shi takardar oda ne ko baki ne kawai? Bayan an sauke kaya, kwana nawa kafin a biya? Wa ke riƙe sikeli? Domin kai da mudu da buhu za ka saya a ƙauye, su kuma da kilo za su karɓa, su cire na ƙasa, su cire na danshi. A tsakanin mudu da sikelin nan jarin mutane ke zirarewa. In riɗin bai kai tsaftar da suke so ba, wajen kashi 98 ko 99 cikin 100, sai su rage farashi motarka na tsaye a ƙofarsu, ba ka isa ka juyo da ita ta Darazo da Dukku ka dawo gida ba.

Bawan Allah:
Ni dai ka bi maganar kawunka. Shi ya ba ka kuɗin, shi ya san kasuwa. Albarka ta fi lissafi. Duk wannan rubuce-rubucen 'yan boko ne ke raba zumunci.

Malamin islamiyya, Azare:
Bawan Allah, a gyara wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ba daga boko abin ya zo ba. Abin da ke raba zumunci shi ne ranar da ɗaya ya ce rabi muka yi, ɗaya ya ce a'a kashi uku ne, kuma babu mai shaida sai Allah. Mu da ake kira rabon gado mun ga gidajen da suka daina gaisawa saboda shago ɗaya.

Ɗan'uwa mai tambaya, akwai ƙa'idojin da ya kamata ku sani kafin ku haɗa kuɗi. Riba kaso ake yankawa, kamar sulusi ko rabi, ba a cewa za a ba wane naira kaza duk wata. Asara kuma gwargwadon jarin kowa take bi, wato a naku Hamma ya ɗauki kashi biyu kai ɗaya, sai fa in wani ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Batun wahalar da za ka sha a ƙauye, ko za a yi maka lada daban, wannan ku zauna da malamin da kuka yarda da shi ya warware muku tun yanzu, don malamai suna da bayani a kai.

Yadda za ka ɓullo wa Kawu kuwa, kada ka sake tayar da maganar da Hamma kai tsaye. Ka sami Kawu shi kaɗai bayan sallar asuba. Kada ka ambaci yarda ko rashinta. Ka ce masa, Kawu, rai a hannun Allah yake, in na faɗi yau ba na so matata da 'ya'yan Hamma su tsaya gaban alƙali, ina roƙon kai ka zama shaidarmu, kai za ka ajiye takardar. Ka ga ka ɗora shi a kan abin, ba ka tsallake shi ba. Dattijo ba ya ƙin maganar mutuwa.

Mai albasa a Anaca:
Ni ɗan Gombe ne amma a kudu nake kasuwa. Abin da na lura da shi wajen Inyamurai, yaro zai yi wa maigida hidima shekaru, amma tun ranar da aka kawo shi iyayensa sun zauna da maigidan an faɗi shekara nawa zai yi. Ranar sallama a ba shi jari, sau da yawa har da kaya bashi, ya buɗe nasa. Daga nan aljihunsa daban. Mu kuwa sai a yaye ka da hannun dama a riƙe ka da na hagu. Ka duba da kyau, kuɗin da Kawu ya ba ka in ya koma hannun ɗansa, kuma shi ke riƙe asusu, anya an yaye ka kuwa? Ba zargin kowa nake yi ba.

Su mutanen Nnewi da sayar da kayan gyaran mota suka fara, yau ana haɗa mota a garin. Don haka tunanin Hamma na a gyara kaya kafin a sayar ba laifi ba ne, shi ne ma hanya. Riɗinmu China da Japan da Turkiyya ake kai shi, can ake matse mai. Ƙasar Biyetnam ta yi suna da fasa kashu, alhali mai yawa daga cikin ɗanyen daga Afirka take saye. Kullum mu ne masu noma da dako.

Alhaji mai sito, Bauchi:
Mai albasa, gaskiya ne, amma a faɗa masa riɗin ma ba tudun mun tsira ba ne. Dala yake bi, in naira ta ɗan farfaɗo sai farashinsa ya sauka kana riƙe da kaya. Kuma ka tambayi masu kaɗanya: a Agustan 2025 aka wayi gari an hana fitar da ɗanyarta na wata shida, farashi ya faɗi nan take. Sai maganar magani. Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015 saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa. Masu sayen riɗi ma suna gwadawa. In za ka ajiye wake ko kaɗan ne, nemi buhun nan mai leda biyu a ciki, ka bar fiya-fiya.

Ma'aikaciyar banki, Gombe:
Ƙanena, ƙarin bayani kan abin da Malam ya ce. Ku yi wa kasuwancin rajista a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da sunayenku biyu, ku buɗe asusu da sunan kasuwancin wanda kuɗi ba ya fita sai da sa hannun ku biyu, saƙon shiga da fita kuma ya riƙa zuwa wayar kowa. Kamfanin ya biya cikin wannan asusun, ba na Hamma ba. Wannan kaɗai ya kashe rabin rigimar. Ku yanka wa kanku abin da kowa zai ɗauka a wata, domin abin da ke cinye ƙananan 'yan kasuwarmu ba faɗuwa ba ce kullum, aljihu ɗaya ne na shago da na gida: suna, biki, asibiti, ɗan'uwa ya zo rance, duk daga uwar kuɗi.

In an zo sayen inji, kada ku doshi bashin ruwa. Babban Banki da kansa ya kai ma'auninsa na kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci ya fi haka. Bankuna irin su Jaiz da TAJ suna yin murabaha, su sayi injin su sayar muku da ribar da aka sani, ku biya a hankali. Amma su ma sai sun ga shige da ficen asusunku na watanni, wanda ke nufin rubutun dai ba makawa.

Bawan Allah:
To Malam na ji, Allah ya ƙara sani. Amma dai a bi a hankali da dattijo.

Ɗan Tudun Hatsi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya. Zan sami Kawu yadda Malam ya ce. Zan gaya wa Hamma miliyan 2 zan sa a gwajin kakar bana, ba inji, sauran in riƙa juyawa a masara da wake a nan kasuwa. Hajiya, na kira shi na yi masa tambayoyinki. Ya ce takardar oda babu, wani dillali ne ya haɗa su, biya kuma bayan mako biyu zuwa uku.

Hajiya mai man gyaɗa, Bolari:
To ka ce masa lodin farko da kai za a je Dawanau, ka tsaya a kan sikelin da idonka, ka ga mai kamfanin ba dillali ba. Kuma ku nemi kafin alƙalami ko na kuɗin mota ne. In sun ƙi, akwai wasu masu sayen a layin, ku ɗauki samfur a leda ku zagaya kafin ku yi lodi.