Neman shawara: reshen fayin zan kafa ko iri zan shuka?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fili a wajen Miyango, kusa da Jos, ina son in zuba itacen fayin (pine, mai ganye siri-siri kamar allura) don katako. A gonar maƙwabcina akwai wani tsohon fayin miƙaƙƙe sambal, kusan ba shi da gaɓa. In na yanko rassansa na kafe kamar rogo, zan samu irinsa sak? Ko in haƙura in sayi iri?

Tsohon Malamin Daji: Wa alaikumus salam. Ɗana, tunaninka daidai ne, reshe shi ke kwafo uwa sak, iri kuwa gadon uwa da uba yake haɗawa, uban ma iska ce ta kawo shi. Matsalar ita ce shekaru. Fayin in ya manyanta, reshensa da wuya ya yi saiwa, wanda ya yi ma sai ka ga yana tafiya a karkace. A Niyu Zilan da jihar Kwinsilan ta Ostareliya, inda ake kafe rassan fayin da yawa, daga ƙananan itatuwa suke yanka, waɗanda ake yi wa aski kullum don kada su girma. Kuma sai da rumfa da feshin ruwa a kai a kai.

Mai Renon Itatuwa: Gaskiyar Baba ce. Sayi iri mai asali ka rena a leda, ya fi araha, kuma saiwarsa na nutsewa ƙasa, abin da zai cece ka da rani.

Mai Tambaya: To Baba, shi ke nan na rasa wancan itacen?

Tsohon Malamin Daji: A'a, yi masa aure, yadda ake yi wa mangwaro. Ka ɗora tsiron kansa a kan ɗan fayin, ka haɗa da na wasu nagartattun itatuwan a fili guda su yi barbara, daga nan ka riƙa ɗibar iri. Kada dai ka cika gona da 'ya'yan uwa ɗaya, cuta guda sai ta kwashe su duka.

Manomiya daga Mambila: Yayana, kar ka manta ka ɗebo ƙasar gindin tsohon fayin ka gauraya da ta ledar. Akwai wani farin abu mai kama da zare da ke manne wa saiwar yana taya ta jan abinci. In babu shi, dashen zai yi ɗorawa ya tsumbure.