Allurar garmaho ta ƙi yin tsabta, me zan yi?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu garmaho ku taimaka min da shawara.

Na gaji garmaho ƙirar Technics SL-1200 daga kawuna, da fayafai kusan kwali biyu. Tun shigowar hunturu ƙura ta addabe ni. Faifai ɗaya zan sa, kafin a kai ƙarshen gefe sauti ya fara shaƙewa, musamman waƙoƙin da ke kusa da tsakiya. In na ɗaga hannun da ke riƙe da allurar na haska da fitilar waya, sai in ga wani ɗan curin gashi-gashi ya naɗe bakin allurar.

Ina share ta da ɗan buroshi, daga baya zuwa gaba kamar yadda aka koya min, ba na yin gefe-gefe. Curin yana fita, amma akwai wani baƙin datti da ya daskare a kan tsinin, ya ƙi motsi.

Wani abokina ya ce in ɗiga masa sifirit. Na ji tsoro, domin a irin wannan allura da gam ake manna ɗan daimon da ke tsininta, kuma sifirit na iya narkar da gam. Wani kuma ya ce in sayi Onzow Zerodust, jel ɗin da ake dangwala allura a ciki. Da na lissafa kuɗinsa da na kawowa daga waje, sai na ga ya kusa kuɗin sabuwar allura, gaskiya jikina ya yi sanyi.

Akwai wanda ya gwada shi ya ga bambanci? Farin soson melamin da ake goge bango da shi fa, yana aiki ba tare da ya fizge tsinin ba? Ko dai fayafan ne ke buƙatar wanki tun farko?