Kauri, ƙarfi ko cunkoso?

1/ Malaman kimiyyar sinadarai, ku matso. Me za mu kira abin da Turawa ke cewa concentration, wato adadin sinadarin da ke narke a cikin kowace lita? Wasu manhajojin fassara kan ce "mai da hankali". Wannan na ɗalibi ne, asid ba shi da hankalin da zai mayar.

2/ Da yawa sun ce "kauri". Yana da daɗin faɗa, amma zai ɓatar da yaro. Kauri na abin da ke tafiya da kyar ne in an zuba shi. Asid ɗin haidirokulorik da ke zuwa ɗakin gwaji a kwalba yakan kai mol 12 a lita (mol ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari ne), kuma tsiyaya yake yi kamar ruwan famfo. In ka surka shi ninki goma, ido ba zai bambance su ba.

3/ "Ƙarfi" kuwa an riga an ba shi aiki. Asid mai ƙarfi shi ne wanda ƙwayoyinsa ke rabuwa kaf a ruwa, mai rauni kaɗan ne ke rabuwa. Asid ɗin binega mai rauni ne ko da ba a surka shi ba. In muka ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu, a takardar jarrabawa za mu ga sakamakon.

4/ "Yawa" bai isa ba. Duro guda na surkakken asid ya fi cokali guda na wanda ba a surka ba yawa, amma cokalin yana iya fin sa saurin cin ƙarfe.

5/ Ni dai cunkoso na zaɓa, don kalmar tana ɗauke da dalilin abin. Sinadarai ba sa cin juna sai ƙwayoyinsu sun yi karo, karon ma mai ƙarfi. Kantin Kwari ranar jajibirin salla, taku uku sai ka gogi kafaɗar wani. Ƙwayoyi na ƙaruwa a lita, karo na ƙaruwa a kowace daƙiƙa, aikin na ƙara sauri. Jefa guntun ƙarfen maganiziyam a asid mai mol 2 a lita, ka jefa irinsa a mai rabin mol: na farko zai yi ta tafarfasa ya ɓace, na biyu yana can yana fitar da kumfa sannu a hankali. Guldberg da Waage, 'yan ƙasar Nowe, su suka sa dangantakar nan a lissafi tun 1864.

6/ Kada dai a koya wa yara cewa ninka cunkoso kullum ninka sauri ne. Wani haɗin sau huɗu yake ƙaruwa, wani ko gezau. Gwaji ne ke nunawa.

7/ Wani ya ce cunkoso ba ya zama kaɗan. Ai muna cewa "cunkoso ya ragu a titi". Don haka a allo sai mu rubuta: cunkoson asid ɗin nan mol 2 ne a lita, an ƙara ruwa, cunkoson ya koma mol 1. Masu shiga aji, ku gwada wa ɗalibai ku dawo mana da labari.