Horar da likitocin iyali kan ciwon gaɓɓai: da me za a fara?

Mai_Tsara_Bita: Salamu alaikum, manyanmu. Idan za a shirya wa likitocin iyali bitar kwana biyu kan amosanin gaɓɓai, me ya kamata a sa a gaba? Ƙwararrun fannin ba su da yawa, kuma duk mai ciwo "sanyin ƙashi" yake cewa.

Likitan_Gaɓɓai: Wa alaikumus salam. A fara da hannu, Dakta, a bar maganar gwajin jini sai rana ta biyu. Likita ya iya raba kumburi da zaizayewar gaɓa. Wanda yatsunsa ke sandarewa da safe fiye da minti 30, hagu da dama, sai ya motsa ya ji sauƙi, kumburi ne. A matse gindin yatsun huɗu a tare. In ya zabura, a tura shi wurin ƙwararre cikin makonni, domin gaɓa na fara lalacewa tun a watannin farko. Gwajin RF (rheumatoid factor, gwajin jini na neman alamar amosanin gaɓɓai) shi kaɗai ba hujja ba ne: yakan fito ga mai ciwon hanta ko tarin tibi, wani kuma yana da cutar amma gwajin bai nuna ba. Gaɓa guda da ta kumbura da zafi da zazzaɓi kuwa, ranar za a zuƙo ruwanta da allura. Mai sikila da ke ɗingishi, a ɗauki hoton ƙugu.

Mai_Haɗa_Magani: Ranka ya daɗe, a ƙara da methotrexate, maganin da ake ba mai amosanin gaɓɓai, don nan ake ɓarna. Sau ɗaya ake sha a mako, a fara da miligiram 7.5 zuwa 15, da folic acid miligiram 5 a wata rana dabam. A rubuta sunan ranar a jikin leda, tunda wanda ya sha kullum ɓargonsa zai daina yin jini. Kafin a fara, a yi ƙidayar jini, gwajin hanta da ƙoda, gwajin hepatitis B da na juna biyu. Kada a haɗa shi da Septrin.

Dakta_Asibitin_Gari: A kuma koya musu tambayar abin da aka saya a kyamis. Magungunan ciwo irin su dexamethasone (dexa) da diclofenac na ɓoye kumburi, su bar mutum da suga, hawan jini da gyambon ciki. Wanda ya daɗe a kan dexa, a hankali ake janye masa. Matashiya mai ciwon gaɓɓai da zubewar gashi, a tsoma tsinken gwaji a fitsarinta. Furotin a ciki na iya nufin lupus, cutar da garkuwar jiki ke afka wa jikin kansa, ya taɓa ƙoda.