Gini ya rufta da ƙanena a Legas, har yau babu diyya

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena lebura ne, yana dakon siminti a wani bene hawa huɗu da ake ginawa, sai ginin ya rufta da su. Ni na kawo shi Legas, Hajiyarmu ba ta so ba, da farko ma acaɓa na saya masa aka ƙwace, shi ya sa ya koma leburanci, kuma har yau dangin matarsa a Funtuwa ni suke gani da laifi. Ya bar 'ya'ya uku. Washegari muka yi masa sutura. Ɗan kwangilar ya aiko da naira dubu 300, na sa hannu a wata takarda. An kama injiniyan aka ba da beli, kullum sai a ce fayil na wajen lauyoyin gwamnati, kuma duk zuwa sai na ba da na mai. Shekara biyu da rabi ke nan. Ina zan dosa?

Barista: Allah ya jiƙansa. Malam, daina bin fayil ɗin nan tukuna. Shari'ar laifi ta gwamnati ce, ko an ɗaure injiniyan ba ita za ta ciyar da marayu ba. Diyya ƙara ce daban a Babbar Kotun Jiha, kuma dokar Legas ta ba da shekara 3 kacal daga ranar rasuwa. Wata shida ya rage maka. Ka haɗa takardar shaidar mutuwa, rahoton 'yan sanda, shaidar aure da ta haihuwar yaran ko takardar rantsuwa, da leburori biyu da za su shaida cewa a wurin yake aiki. A binciki sunan kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don ƙara da sunan da ba daidai ba sai ta faɗi tun ba a taɓa gundarin magana ba. A haɗa mai gini, ɗan kwangila da injiniya. Dole lauya ya fara aika musu wasiƙar neman sulhu kafin kotu ta karɓa, wannan ma yana cin makonni. In babu kuɗin lauya, je ofishin OPD na jihar, wato ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi, kyauta ne. Me aka rubuta a takardar da ka sa wa hannu?

Alhaji na Mile 12: Barista, wace kotun? Masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rufta a Ikotun a 2014, mutum 116 suka mutu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu. Kotun binciken mutuwa ta ce a gurfanar da injiniyoyi tun 2015, aka yi ta ɗage zama shekara da shekaru. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a 2021 ya ci sama da mutum 40. Waɗannan duniya ta gani, balle ɗan leburan Funtuwa. Ka je wajen Sarkin Hausawa a kira ɗan kwangilar a zauna, a yanka kuɗi, a rubuta ranar biya.

Maman Sadik: Akwai NSITF, asusun gwamnati na biyan diyyar ma'aikata, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da lebura na wucin gadi. Sai dai shekara ɗaya ce wa'adin nema, ana iya ɗagawa zuwa uku in akwai ƙwaƙƙwaran uzuri. Ku kuma tambayi inshorar ginin, doka ta wajabta ta ga duk benen da ya wuce hawa biyu ana kan gina shi.

Barista: Hajiya, yawancin ƙananan 'yan kwangila ba su taɓa yi wa lebura rajista ba, kuma wanda ya karɓi na asusun ya rufe wa kansa ƙofar ƙarar ubangidan. Alhaji kuma, sulhu ba ya tsayar da wa'adi. Za su ja shi da "mako mai zuwa" har wata shidan ya ƙare. A shigar da ƙara, sannan a yi sulhun a ƙarƙashin kotu, alƙali ya sa hannu. Malam, an duba gawar a asibiti?

Baban Ummi: Ba a duba ba. Wa zai bar ɗan uwansa a firij a yi ta yanka shi? Takardar kuma da Turanci take, ana cikin zaman makoki aka kawo, kuɗin da su aka sayi hatsin yaran. Ba su ba ni kwafi ba. Kuma ɗan sandan da nake bin fayil ɗin a wajensa yana da kirki, ya ce fayil ya kusa dawowa.

Barista: In an rubuta cewa kuɗin nan shi ne biya na ƙarshe, da ita za su kare kansu. Ana iya ƙalubalanta, tunda kai ba ka da ikon yafe haƙƙin marayu kuma ba a fassara maka ba. Amma sai lauya ya nemi kwafin a rubuce.

Alhaji na Mile 12: Kwafin da za su ce ya ɓace?

Baban Ummi: Bari in ji ta bakin ɗan sandan ranar Litinin tukuna. Wa ke da lambar fadar Sarki?