Wa ya taɓa zama a laburaren garinsu? Ku zo mu ji

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na bi ta gaban ɗakin karatun da muka yi zaman shirin WAEC, na tarar ƙofa da kwaɗo, awaki kwance a baranda, wallahi sai da na tsayar da mashin na daɗe ina kallo. A wurin nan na fara zama benci ɗaya da ɗan masunci da ɗan alƙali da wani Bayarabe da babansa ke sayar da kayan gyaran mashin, littafin lissafi guda muke juyawa mu huɗu, har gobe muna zumunci, biyu daga cikinsu su suka yi min abokan ango. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani a nasu garin.

Tsohon malamin firamare, Gwandu:
Wa alaikumus salam ɗana. Mu a zamaninmu jarida ke tara mutane. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya tun 1939, in ta iso bayan la'asar sai ka ga teloli da mahauta da dattawan unguwa sun cika tabarma, mutum ɗaya na karantawa da ƙarfi saura na saurare, a gama a yi ta gardama har kiran magariba. Wanda bai san boko ba ma da shi ake yi, sau da yawa shi ke ƙure mai karatun da tambaya. Kuma abin da ke damuna, Gwandu fa garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, gidaje nawa ke da takardun larabci da na ajami cikin gafaka, gara na ci, jikoki ba su san darajarsu ba? Da akwai ɗaki mai tsabta da amintaccen mai tsaro da mutane sun kawo an adana.

'Yar Zuru:
Baba Allah ya ƙara lafiya, kun tuna min. Ni dai JAMB ta kai ni, tunda aka mayar da ita ta kwamfuta a 2015 mu 'yan ƙauye muka shiga uku, ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a ɗan laburaren da matasan unguwarmu suka haɗa da kuɗin karo-karo, kwamfuta biyu da sola. Layi muke bi, minti talatin talatin. Wadda ta koya min Kirista ce Badakkariya, in lokacin salla ya yi ita ke riƙe min layina, ran Lahadi ni ke riƙe mata nata, da Uhola, bikin gargajiyar Dakarkari, ta zo gidansu na ci tuwo. Mamata da farko ba ta yarda ba, sai da ta zo da kanta ta ga an ware mana safiya mu mata zalla, daga baya ita ma ta shiga ajin yaƙi da jahilci a nan ɗin, yanzu da kanta take duba lamba a waya.

Manomi daga Bunza:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma ambaliyar 2020 da ta cinye mana shinkafa a fadama, ɗakin karatun garinmu muka koma, shi kaɗai ke da benci da rufi mai kyau. Yara 'yan sakandare suka zauna suna rubuta sunan kowa da yawan gonar da ruwa ya ci, Fulanin ruga ma sun zo an rubuta nasu, mutanen da shekara guda ba mu gaisa ba saboda rigimar burtali. Yanzu rufin ya fara yoyo, littattafan ɓangaren gabas duk sun jiƙe.

Ɗan Argungu:
Kawu bandir nawa na kwano zai isa? Mu huɗun nan na yi musu magana yanzu, mun ɗauki ɗaya.

Manomi daga Bunza:
Biyu ne ɗana, da ƙusa. Kafinta ɗan unguwa ne ya ce ba zai karɓi ladan aiki ba, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan auno in turo maka.